Ciwon kai da hawan jini cikin dare: wanne ake fara yi wa magani?

Sista mai aikin dare: Salamu alaikum. Mutum ya zo riƙe da kai, awo ya nuna 190 bisa 110, 'yan uwansa sun tsaya a kanka sai an sauke jinin yanzu-yanzu. Ku ya kuke yi?

Likitan ɗakin gaggawa: Wa alaikumus salam, Sista. Ni ba lambar nake fara kallo ba, mutumin nake kallo. Bakinsa ya karkace? Hannu ko ƙafa sun saki? Yana gani garau, maganarsa na fita daidai, babu ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi? In duk lafiya, sai in ba shi farasitamol, in kwantar da shi inda babu hayaniya, a sake awo bayan rabin sa'a. Sau da yawa za ka tarar jinin ya sauka da kansa, don zafin ciwo da fargaba su ma suna ɗaga shi.

Ɗan majinyaciya: Likita, haka aka yi wa Hajiyarmu. Har na fara faɗa, ina ganin wasa ake da rai. Ashe ta daina shan amlodipine, maganinta na hawan jini, tun da ta ji sauƙi, kuma kullum tana haɗiyar diclofenac na kemis saboda gwiwa, wanda aka ce shi ma yana tayar da jini. Maganinta aka mayar mata, aka ce ta dawo awo cikin mako.

Tsohon nas: A zamaninmu huda ƙwayar nifedipine mai sauke jini muke yi mu ɗiga a ƙarƙashin harshe. An daina, saboda jini na iya faɗuwa farat ɗaya, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshe, ɓarin jiki ya shanye. Ko mai alamun haɗari, da allura irin labetalol ake bi a hankali, galibi ba a sauke fiye da kashi 25 cikin 100 a sa'ar farko.

Ungozoma: Ku dai ku cire mai ciki daga wannan jiran. In cikin ya wuce mako 20, ga ciwon kai, ga awo 160 bisa 110, jijjiga na bakin ƙofa. Magnesium sulphate mai hana jijjiga da maganin sauke jini muke sawa nan take.

Likitan ɗakin gaggawa: Gaskiyarki, Anti. Haka wanda ya ce ciwon ya faɗo masa lokaci guda, bai taɓa jin irinsa ba, ga amai da sanƙarewar wuya. Wannan hoton kai yake buƙata a daren, ko da sai an tura shi asibitin koyarwa.