Wane suna za mu ba maganin cire banish daga kan tayil?

Kafintan Fagge: Salamu alaikum. Wasu kan shafe tayil da banish ɗin foliyuretan don sheƙi, daga baya ya yi rawaya ya fara tashi. Maganin cire shi, "paint stripper" ake rubutawa a gwangwaninsa, amma yaran shago tina (ruwan tsinka fenti) suke ce masa, in an aike su tina suke sayowa. Yana buƙatar sunansa daban.

Mai Tayil: Wa alaikumus salam, maigida. Tina tana tsinka banish ne tun yana ɗanye. In ya kwana biyu ya kama jikinsa, ko an kwarara masa galan ba ya motsi. Ni "narkau" zan ce.

Malamin Kimiyya: Malam, narkau zai ɓatar da mai aiki. Busasshen foliyuretan ba ya narkewa. Maganin ratsa shi yake yi, ya kumbura, ya yamutse, ya saki tayil. Wanda ya sa ran narkewa zai kama dirza da tsumma, ya dame danƙon ya cusa shi cikin farin simintin da ke tsakanin tayil, inda ya fi wuyar fita. Ɗayewa ake yi, kamar ɓawon itace. "Ɗayau" ya fi dacewa.

Mai Tayil: Na yarda. A shafa maganin da kauri, kamar milimita 3, murabba'in mita ɗaya a lokaci guda, a rufe da leda. In ba leda, zafi ko hunturu zai busar da shi kafin ya ci. Bayan minti 30 a ɗaga gefe a duba. Magani marar ƙarfi kan kai awanni. A kwashe da makankarin roba, domin sanfefa da soson ƙarfe suna kashe ƙyallin tayil har abada. Sauran danƙo a goge da asiton (sinadarin goge fentin farce), nesa da wuta. Kada a zuba asid ɗin wanke siminti: ba ya taɓa banish, layin simintin yake ci.

Malamin Kimiyya: A kuma duba gwangwani. Mai sinadarin metilin kulorayid ya fi sauri, amma tururinsa ya kashe mutane a banɗaki rufaffe, shi ya sa Amurka ta hana sayar wa jama'a shi a 2019. A buɗe taga da ƙofa.

Kafintan Fagge: To, ɗayau ga magani, makankari ga abin kwashewa, tina ta tsaya a tsinka ɗanye. A kasuwa dai a nuna hoton gwangwanin har sunan ya kama baki.