Abin da muka tattauna kan yin sujada tare

Bayan sujadar Lahadi muka zauna a inuwar dalbejiya a harabar majami'armu a Garwa, kan maganar masu cewa wa'azin rediyo ya ishe su. Ga abin da na kwaso.

Dattijonmu ya buɗe Littafi Mai Tsarki, Ibraniyawa 10:25, inda aka gargaɗe mu kada mu daina taruwa. Ya ce rediyo ba ya lura da bencin da babu kowa. Shawararsa: wanda aka yi Lahadi biyu ba a gani ba, a je gidansa a gaishe shi, ba da faɗa ba, a ji ko zazzaɓi ne ko rashin kuɗin mashin. Wannan ta fi ratsa ni. Lokacin da maigidana ya rasu, matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, su ne suka cika tsakar gidana da waƙar yabo suna buga tulu, ni kuwa ko baki na kasa buɗewa.

Wata mama ta ce, "'Ya'yana, ku raira da harshen kowa." A haɗa Hausa, Fulatanci da Faransanci, don baƙon Marwa ko Cadi ya sami abin amsawa.

Matasa sun roƙi a riƙa farawa da sassafe a watan Afrilu, kafin rufin kwano ya ɗauki zafi. An amince.