Raba wa dillalai yankuna a Kano da manhajar taswira ta QGIS

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfani yana da dillalai 6 a birnin Kano, ana son kowa ya samu yanki mai jama'a daidai da na ɗan'uwansa. Ta ina za a fara?

Abu_Taswira: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙananan hukumomi sun yi faɗi, yi aiki da mazaɓu. Sauko da iyakokinsu daga shafin bayanan taswira na GRID3, da ƙiyasin jama'a na shafin WorldPop wanda aka raba gida-gida, kowane gida mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Sai ka kunna Zonal statistics a QGIS, mai lissafa abin da ke cikin kowace iyaka, ka zaɓi jimla, kowace mazaɓa ta fito da adadinta. Daga nan ka haɗa maƙwabta har yankuna 6 su yi kusan kai ɗaya. Ƙiyasi ne fa, rabon da a yi ƙidaya tun 2006.

Yaya_Hajara: Kafin ka auna nisa, mayar da taswirar EPSG:32632, tsarin awo da mita na yankin Kano, in ba haka ba digiri za ta ba ka, ba mita ba. Kuma in kana shigar da wuraren shaguna da digiri, X (gabas) na Kano 8.5 ne, Y (arewa) 12. Ka juya su, shagunan Fagge su faɗa wajen Ganye a Adamawa.

Ɗan_Kwari: Yawan mazauna ba shi ne ciniki ba. Wanda aka ba kasuwannin Kantin Kwari da Singa, ai ya fi mai unguwanni uku aiki. Saka cinikin kowane shago a lissafin.