Neman kalmar Hausa: maganin da ake sha kafin a hau kujerar likitan haƙori

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, nauyi ya hau kanmu na samo wa kalmomin asibiti suna. Wadda na kawo muku ita ce abin da likitocin haƙori a nan Yamai ke kira da Faransanci sédation par voie orale. Na karanta duk shawarwarin da kuka aiko, ga inda na tsaya da dalilina.

Sai mun san abin kafin mu raɗa masa suna. Magani ne da likita ke ba mai jin tsoro ya sha, galibi kamar awa guda kafin a fara aiki. Yawancinsu dangin diazepam ne, wanda kamfanin Roche ya fitar a 1963 da sunan Valium. Akwai ƙannensa irin su midazolam, da ake ba yara na ruwa gwargwadon nauyin jikinsu. Likitocin da suka yi karatu a tsarin Faransa kuma sukan rubuta hydroxyzine, wato Atarax, wanda shi danginsa daban ne. Aikin dangin diazepam shi ne ƙara wa wani sinadari na ƙwaƙwalwa mai suna GABA ƙarfi, shi kuwa wannan sinadari shi ke rage gudun saƙonni a jijiyoyi. Sai faɗuwar gaba ta lafa, jiki ya saki. Amma mutum idonsa biyu, yana numfashi da kansa, in an ce buɗe baki ya buɗe, in an tambaye shi ya amsa. Wani ma washegari ba ya tuna rabin abin da aka yi.

Shawarar da ta fi yawa ita ce "maganin barci". Ban karɓe ta ba. Wanda aka ce za a ba shi maganin barci zai zo da tsammanin ba zai san komai ba sai an gama, kamar wanda aka sumar a ɗakin tiyata. Da ya ji ƙarar injin a bakinsa alhali yana farke, sai ya ɗauka an yaudare shi ko maganin bai kama shi ba, tsoron da aka so a rage ya ninka. "Maganin kashe zafi" ma haka, don wannan magani ba ya kashe zafi ko kaɗan. Allurar lidokayin da ake yi a dasashi ita ke wannan aiki, kuma dole a yi ta ko an sha ko ba a sha ba.

Wani dattijo daga Tawa ya rubuto: "Ku ce maganin tsoro mana, ai shi na." Baba, Allah ya ƙara girma, ma'anar ta fita sarai. Abin da ya hana ni shi ne, a kunnen Bahaushe maganin tsoro na malamai ne da masu saiwa, irin wanda ake ba yaro mai firgita cikin dare. Sannan wane magidanci ne zai tsaya gaban jama'a a asibiti ya ce a ba shi maganin tsoro? Kunya za ta sa ya haƙura da ciwonsa ya koma gida.

Da yawa kun ce "ƙwayar kwantar da hankali". A nan zan daɗe, don abin yana damuna. Kalmar ƙwaya ta riga ta ɓaci a garin nan. Ka ce wane yana shan ƙwaya, ba wanda zai tuna da asibiti, tramol da diazepam ɗin masu tallan magani a tire za a tuna. Wata ƴar'uwa mai aikin jinya ta faɗa mana cewa akwai iyayen da ke ja da baya da zarar sun ji an ce za a ba ɗansu ƙwaya, kuma ban ga laifinsu ba, sun ga abin da ta yi wa samarin unguwa. Ga shi "kwantar da hankali" ya yi faɗi da yawa, har magungunan masu taɓin hankali ana kira haka. Sunan da zai sa uwa ta ɗauke ɗanta daga kujera da ruɓaɓɓen haƙori, har kunci ya kumbura a kai shi wajen mai cirewa a kasuwa, bai yi mana amfani ba komai daidaituwarsa a ƙamus.

Wani malamin makaranta ya kawo "natsarwa", a kan awon sumarwa. Ginin kalmar ya yi kyau, Malam, na jinjina maka. Sai dai a bakin mutane da yawa natsu da nutsu abu ɗaya ne, kuma nutsar da mutum a ruwa ake yi. Mu da ke bakin kogin Kwara ba za mu so a ce wa majinyaci za a nutsar da shi ba.

Amma tushen da Malam ya taɓo shi ne daidai. Natsuwa ta mai ido biyu ce, ba a cewa mai barci ya natsu. Don haka nake ba da shawarar sha-ka-natsu. Hausa ta saba da irin wannan gini, ga faɗi-ka-mutu da muke kiran tangaran. "Sha" ya nuna ta baki ne, ba allura ba. "Natsu" ya nuna kana farke, hankalinka ne kawai ya kwanta. Kuma yana haifar da ɗan'uwansa ba wahala: iskar nan da ake shaƙa ta hanci, wadda Faransawa ke kira MEOPA, rabi oksijin rabi iskar dariya, sai ta zama shaƙa-ka-natsu. Ita iskar dariyar wani likitan haƙori na Amurka, Horace Wells, ya gwada ta a kansa tun 1844, aka cire masa haƙori. Wata ta tambaya ko mace za a ce mata sha-ki-natsu. A'a ƴar'uwa, suna ne ya riga ya daskare, mace ma faɗi-ka-mutu take cewa.

Suka mafi nauyi daga wani mai farmasi ta zo. Ya ce sunan ya yi daɗin faɗa da yawa, kamar kirarin talla, gobe za a ji shi a bakin masu tire. Wannan magana gaskiya ce, ban raina ta ba. Abin da aka haɗiye ba ya dawowa, likita ba zai iya rage shi ba kamar yadda yake rage iska. In ya haɗu da giya ko tramol yana iya danne numfashi har a rasa rai. Shi ya sa ake maƙala wa mutum na'urar auna oksijin a yatsa, ake kuma ajiye makarin dangin diazepam, flumazenil, a kusa. Mai ciki, da tsoho, da mai ciwon huhu, da mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, dole su faɗa wa likita tun kafin. Amma ni a ganina sunan da ba a ganewa ba ya hana masu tire sayarwa, majinyaci kaɗai yake bari cikin duhu. Abin da na yarda da shi shi ne kada a faɗi sunan shi kaɗai a rediyo ko a takardar asibiti, a riƙa cewa sha-ka-natsu na likita.

Ga yadda nake so a ji shi a Muryar Sahel ko a bakin ma'aikaciyar da ke karɓar mutane: "Hajiya, likita zai ba ki sha-ka-natsu awa guda kafin aiki. Ba barci za ki yi ba, kuma za a yi miki allurar kashe zafi. Ki zo da wanda zai maida ki gida, yau ba tuƙi, ba hawa kabu-kabu ke kaɗai."

Ƴan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, ku gwada jimlar nan a kan iyayenmu da ba su yi lakkwal ba, ku tambaye su me suka fahimta za a yi musu, ku kawo mana amsarsu yadda suka faɗe ta.