Abin da Muka Tsayar Kan Shan Diazepam

A zamanmu da masu jinyar farfaɗiya, maganar diazepam, wato Valium, maganin kwantar da jijjiga da fargaba, ta fi cin lokaci. Kowa ya yarda kada a sha sai likita ya rubuta. Don fargaba, yawanci mako 2 zuwa 4 ne, saboda jiki na saurin sabawa. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, jijjiga na iya dawowa. Likita ne zai riƙa ragewa sannu-sannu.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗa shi da giya, tramadol ko kodin. Numfashi ke yin ƙasa, mutum ya kwanta bai farka ba. Idan an sha, a ajiye makullin babur. Jijjiga ta wuce minti 5, a garzaya asibiti.