Wace kububuwa ce a cikin wannan kwalba?

Assalamu alaikum. Malamin kimiyya ne ni a wata sakandare ta ƙauye, wajen Ringim. Muna gyaran tsohon kabad muka ci karo da kwalabe shida na macizai jiƙe cikin sinadari. Kasa da gamsheƙa ban sha wahalar gane su ba.

Ɗaya ce ta hana ni barci. Takardar jikinta ta yi ja, amma ana iya karanta Echis carinatus, 1966. To, wancan lokacin haka ake kiran kububuwar yankinmu, kafin a ware Echis ocellatus a 1970, sannan Echis leucogaster a 1972. Na san ocellatus cikinta ɗigo-ɗigo ne, na leucogaster fari fat. Tawa kuwa ta koɗe gaba ɗaya, ta koma kalar ƙanzo. Na ɗaga kwalbar a hasken taga har idona ya yi ruwa, ban ga ɗigo ko ɗaya ba. Babu ne tun asali, ko ruwan ne ya cinye su?

Don Allah masana, in ƙirga ɓawon cikinta zai raba gardama, daga ina ake farawa? Kuma in na fito da ita, ba za ta ruɓe ba? Yaran nan iyayensu a gona suke wuni, ba na so in koya musu kuskure.