Muhawara a zauren masu kwamfuta na Damagaram kan komawa Windows 10

Hajiya Rakiya, Zongo: Assalamu alaikum. Ina so jama'a su ji abin da aka yi mini. Na kai kwamfutar shagona wurin wani mai gyara don ya duba batir, sai ya ce Windows 10 ta tsufa, ya karɓi jaka biyar ya ɗora mata Windows 11. Tun daga ranar na'urar buga takardu ta daina amsawa, kwamfutar kuma tana sandarewa a tsakiyar aiki, ga ɗaliban Jami'ar André Salifou sun cika benci suna jiran takardunsu. Wannan zamba ce. Ta yaya zan koma inda nake?

Mushe Issoufou: Hajiya, idan ba a yi kwana goma da ɗorawar ba, kuma bai goge Windows.old ba, wato ma'ajiyar da tsohuwar Windows take ciki, ki shiga Paramètres, sashen Récupération, akwai hanyar komawa. Idan wa'adin ya wuce, sai an kwashe takardunki an saka Windows 10 daga farko.

Laouali mai gyara: Kafin a je can, Hajiya, ki janye kalmar zamba. Zamba ita ce a karɓi kuɗi a ƙi yin aiki, shi kuwa wannan bawan Allah ya yi aikin. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, saboda haka taimakonki ya yi.

Mushe Issoufou: Malam Laouali, Windows 11 tana buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma yawancin tsofaffin kwamfutocin da ake sayarwa a nan ba su cika sharuɗɗanta ba, sai an bi ta bayan gida. Wanda ya san haka, ya yi shiru, ya karɓi kuɗi, wane suna kake so a ba aikinsa?

Laouali mai gyara: Ana kiransa kuskure, idan ma ya tabbata. Kai da kake koyarwa a aji, ka taɓa kwance kwamfutar da ƙurar hunturu ta toshe mata fanka?

Mamane: Yaya Laouali ya yi gaskiya. Masu takardar makaranta sun daɗe suna raina mu da muka koyi aiki a hannu, alhali idan tasu ta mutu wurinmu suke kawowa da dare.

Hadiza: Ƙanena, ba wanda ya raina ku. Ni dai na ji an yi wa wata maƙwabciyarmu a Birni irin wannan, kuma ita ma zamba ta kira shi.

Mamane: An ji, an ce. Ko samfurin kwamfutar Hajiya babu wanda ya tambaya, amma har an yanke hukunci. Kuma me ya kawo Birni a maganar Zongo?

Hajiya Rakiya: Ƴaƴana, wa'adin kwana goman ya wuce. Wa zai saka mini Windows 10 ba tare da takardun mutane sun ɓace ba?

Laouali mai gyara: Sai an janye kalmar tukuna, Hajiya, domin mutuncin sana'a aka taɓa.

Malam Sani, shugaban zaure: Na karanta duka, kuma a matsayina na wanda ya daɗe a wannan sana'a, ga abin da ya fito. Mafi yawan masu magana sun yarda cewa ba a yi zamba ba, kuma mai gyaran ya yi abin da kowane gwani zai yi, tunda Windows 10 ta ƙare. Mushe Issoufou ya kawo bayanin littafi, mun gode masa. Muna roƙon Hajiya ta janye kalmarta, sa'an nan ta kawo kwamfutar shagona bayan la'asar a ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ake cikin yi, ba sai an koma baya ba. An rufe wannan magana.